Gawayin da Na Zuba a Lambun Baffanki

Funtua, ranar Laraba bayan la'asar.

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Hajara, wadda nake kira Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sami masauki mai tsabta da abokan zama nagari. Allah Ya kiyaye ki a hanya da bayan hanya, Ya raba ki da direba mai gaggawa da aboki mai zuga. Na ce wa Mamanku ta cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin garin kunu, don kada ki gan ta sai kin isa kin huta. Da a ce da baki zan faɗi abin da ke ciki, da Baffanki Sale ya katse ni sau goma kafin in kai rabi, ke kuma ki sunkuyar da kai kina ta "to, Baba", in rasa ko kin ji.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin fi ni saninsa. Maganar aikin da ya kai ki Kudu zan yi.

Na karanta bayanin da kika rubuta wa malamanki sau uku, da jan biro a hannu kamar yadda na saba. Na gyara waƙafi biyu, sauran kuwa ya fi ƙarfina. Abin da na fahimta shi ne za ki ɗauki totuwar masara da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, ki gasa su a rufe, iska ba ta shiga sosai, har su zama gawayi. Sannan ki bi gawayin da tururi ko wani sinadari don ƙananan ƙofofin da ke jikinsa su buɗe, ki ga yawan dalma da 'yan uwanta masu guba da zai iya kamawa daga ruwan da garejoji da majemai da masana'antu ke zubarwa. In na yi kuskure ki gyara mini. Aiki ne mai kyau, kuma raina ya yi fari da kika zaɓe shi. Ni ma na taɓa gwada shi, kin sani. Sai dai ƙarshen kawai kika gani, domin kina makarantar kwana lokacin da na fara. Ina so ki ji shi tun daga farko, ba don ki ji tausayina ba, don ki san inda ramukan suke.

Da na ajiye aikin jarida a Kaduna na dawo gida, na dawo da hannu mai ƙaiƙayi. Mutumin da ya shafe shekaru yana gyara rubutun mutane ba ya iya zama ya ga abu bai gyara ba. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne lambun da mahaifinmu ya bar mana ni da Sale, a bakin rafin nan na bayan layin makanikai. Gadon namu ne mu biyu, amma Sale ne ke noma shi, da shi yake ciyar da gidansa. Ni nawa in ci alayyafo in ce an gode. Da rani rafin ba shi da wani ruwan kirki sai abin da kwata ta kawo daga garejoji, baƙi, mai ƙyallin baƙin mai a sama. Cikin masu zuba ruwa a kwatar har da Friday mai gyaran batir. Kin san shi: iyayensa aikin jirgin ƙasa ya kawo su, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan jaridar da na yi aiki da su. Yana fasa tsofaffin batura, ya wanke farantan dalmar da ke ciki, ya watsa ruwan a kwata, kamar yadda ya ga maigidansa na yi.

Wata rana na sayi tsohuwar mujalla a hannun mai baza littattafai a bakin tasha. A ciki akwai rabin shafi a kan yadda gawayin da aka yi da ragowar amfanin gona ke tsotse guba daga ruwa. Rabin shafi ne, Uwata, har da hoto a ciki. Na karanta shi a tsaye, kafin in kai gida na zama masani.

Washegari na hau mota zuwa Gozaki, gidan su Mamanku, don an gama casar masara. Bayan an gaisa an kawo tuwo na ci, sai na ce wa Gwaggo Asabe, yayar Mamanku, ina so a tara mini sharar nan ta totuwa da ke jibge a bayan rumbu, zan rage musu ita.

Ta dube ni, ta dubi kwanon da ke gabana. Ta ce, "Shara? Malam, da me kake tsammani aka dafa tuwon da ka sa wa hannu yanzu?"

Matan gidan suka kwashe da dariya daga bayan zana. Na yi 'yar dariyar ni ma, amma ban janye roƙon ba. Kunyar suruki ta sa suka cika mini buhu huɗu, har da kai mini bakin titi. Sai daga baya Mamanku ta gaya mini cewa totuwar nan ita ce makamashinsu na wata guda, kuma saboda ni matan gidan suka koma tafiyar neman itace tun kafin lokaci.

A bayanin da kika rubuta na ga kin kira waɗannan abubuwa "sharar gona" har wuri huɗu. Na ja layi a ƙarƙashin kowanne. Na san haka littattafanku ke kiransu, amma ke kin san ƙasarmu. Daga Funtua zuwa Malumfashi ba na jin akwai abin da ke fitowa daga gona ya rasa mai jiransa. Totuwa ta murhu ce. Karan auduga na shinge ne da wuta. Harawar gyaɗa ta awaki ce, ɓawon kuma akwai mai shimfiɗa wa kaji. Tokar da ta rage ma ana tara ta. Duk ranar da aikinki ya yi nasara har aka fara neman totuwa da mota, wata mace ce za ta fara jin sa a ƙafafunta. Don haka duk inda za ki ɗiba, ki tambayi matan gidan kafin mazan, ki ji abin da suke yi da shi, ki ji wanne ne da gaske yake yi musu yawa. Ni na ga ana cinna wa tulin buntu wuta a bayan injinan shinkafa don an rasa yadda za a yi da shi. Wataƙila can ya kamata ki fi zuba ido. Ke za ki tantance.

Na dawo da buhunana na haƙa rami a gefen lambu, na cinna musu wuta na rufe da ƙasa, yadda na ga masu gawayi na yi. Rabi ya zama toka. Rabin da ya tsira na daka shi a turmi. Ba tururi, ba sinadari, ban ma san ana yin wani abu bayan ƙonawa ba, domin rabin shafina bai kai nan ba. Na sami tsohon duro na huda gindinsa, na jera tsakuwa da yashi da gawayin, na ɗora shi a kan bulo inda injin ban-ruwan Sale ke zuba ruwa kafin ya shiga kwaman shuka.

Sale ya zo ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya. Ya ce, "Yaya, wannan madambacin na bikin wa ne?"

Na ce ya tayar da inji ya gani. Ruwa ya shiga baƙi, ya fito ta ƙasa garau. Har yau ina tuna daɗin da na ji. Masu lambunan kusa suka taru, wasu makanikai suka sauko, Friday na cikinsu yana goge hannu da tsumma. Na sa kofi na tara, na ɗaga shi sama kowa ya gani.

Friday ya ce, "Edita, don Allah kada ka sha."

Na ce, "Ba ka ga yadda ya fito ba?"

Ya ce, "Na gani. Ruwan da nake ɗura wa batir ma haka yake, garau kamar hawaye. In kawo maka kofi ɗaya?"

Mutane suka yi dariya, ni kuwa na kafa kai na shanye. Ban mutu ba, cikina bai murɗa ba, sai na ɗauki wannan a matsayin hujja ta biyu.

Uwata, ido yana ganin laka da baƙin mai, ba ya ganin dalma. Harshe ma bai san ta ba. Kuma ba guba ce mai kayar da mutum a ranar ba, taruwa take yi a jiki a hankali, ta fi yi wa ƙananan yara illa. Abin da duron nan ya cire da wanda ya bari ya wuce, har yau ban sani ba, domin ban auna ba. Ke za ki sami na'urorin da ni ban samu ba. To ki sani su ma ana iya yi musu irin kallon da na yi wa kofin nan: a ga lambar da ake so, a ɗaga ta sama, a ƙi maimaitawa. Ranar da sakamako ya yi miki daɗi fiye da kima, ranar ce za ki sake gwajin daga farko, ki kuma ba wani ya yi ba ki wurin.

Kafin a watse Friday ya ja ni gefe. Ya ce in da gaske nake, in kawo duron ƙofar shagonsa. A can ruwan wankinsa bai wuce bokiti biyu ko uku a yini ba, ana iya tare shi kafin ya shiga kwata ya gauraya da na kowa. Magana ce ta hankali, kuma ko a lokacin na san ta hankali ce. Na ce masa zan duba. Ban duba ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa shagon ya yi matsi. Gaskiyar ita ce a lambu mutane ke wucewa su ga duron su tambayi na wane ne, a lungun shagon Friday kuwa ba mai ganinsa sai ɓeraye. A wurin da za ki akwai masu wanke kwalabe da masu kula da na'urori waɗanda suka riga malamanki zuwa ɗakin gwajin. A garejoji da majemai kuma akwai masu irin hannun Friday, da ruwan batir ya cinye wa fata. Ba su rubuta komai ba, amma sun san ruwan. In ɗayansu ya ja ki gefe, ki tsaya ki saurara har ya gama.

Abin da na yi bayan wannan ya fi ba ni kunya, domin a sana'ata na yi shi. Na zauna na rubuta labarin duron na aika wa jaridar da na bari. Ni da na sha mayar wa matasan 'yan rahoto da labari don majiyarsu ɗaya ce, na rubuta nawa ba majiya ko ɗaya sai idona da cikina. Wanda ke kan teburin edita a lokacin ni na koya masa aiki. Bai tambaye ni komai ba, ya buga, har da kanun da na zaɓa. Bayan 'yan makonni manoma uku suka zo daga wajen Malumfashi, suka auna duron da igiya, suka koma su yi nasu. Na ba su shayi na raka su har titi ina jin kaina.

Da gaskiya ta fito na rubuta gyara. An buga shi, layi shida a ƙasan shafi, kusa da sanarwar ɓatan takardu. Na bi manoman nan uku har gonakinsu na gaya musu da bakina. Biyu sun riga sun watsar da abin. Na ukun ya ce ƙaninsa ma ya yi, da wani maƙwabcin ƙanin. Ban san inda ya tsaya ba. Ki riƙe wannan: abin da kika sanar yana da ƙafa, gyaran da zai biyo baya ba shi da ita. Za a matsa miki ki fitar da sakamako da wuri, wataƙila ma wanda kike jin nauyinsa ne zai matsa. Ki ba shi girmansa, ki ce ba ki gama ba. In kin tashi rubutawa kuma, ki rubuta gwajin da ya ƙi tare da wanda ya yi, da haruffa masu girma ɗaya.

Akwai tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba a duk tsawon lokacin: yaushe gawayin ke ƙoshi? Na ɗauka muddin ruwa na wucewa, aiki na tafiya. Ba na canza shi sai ya toshe ruwa ya daina sauka, wato sau ɗaya ko biyu a rani. Ke ce kika fahimtar da ni daga baya cewa wuraren da dalma ke maƙalewa a jikinsa suna da iyaka, in sun cika sai ta riƙa wucewa abinta, kuma ruwa mai tsami irin na batir yana hana ta kamuwa sosai, yana ma iya sako wadda ta riga ta kamu. Ashe akwai watannin da duron nan ado ne kawai. Duk wanda za ki miƙa wa gawayinki, kada ki bar shi sai kin gaya masa ranar da zai cire shi, da alamar da zai gane ta ba tare da na'ura ba. In ba ki sami wannan alama ba, aikin bai isa barin ɗakin gwaji ba.

Yanzu na zo kan babban.

Kin san yadda ake yi a nan in damina ta matso. Kowane gida na fitar da abin da ya tara: kashin awaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, a loda a amalanke ko a mangalar jaki a kai gona. Tun muna yara aka saba mana cewa duk abin da ya yi baƙi ya ruɓe, abincin ƙasa ne. Zubar da shi a banza kusan laifi ne. To ga tulin gawayin da na kwashe daga duro yana jibge a gindin mangwaro. Sale ya nuna shi da ƙafa ya ce, "Wannan baƙin fa, Yaya? A kai juji?"

Na ce, "Wane irin juji? Ai na karanta, gawayi yana gyara ƙasa, yana riƙe mata laima. Watsa shi a kwamai."

Abin da na karanta gaskiya ne, amma a kan gawayi mai tsabta aka faɗe shi. Nawa kuwa ya shafe rani yana shan ruwan kwatar makanikai. Duk abin da ya yi nasarar kamawa, na tattara shi wuri ɗaya da hannuna, na sa ƙanina ya juya shi da fartanya cikin kwaman da suka fi kowanne kyau, inda yake shuka alayyafo da latas. Rani uku muna haka. Abin haushi, ganyen ya yi kyau ƙwarai, har masu sari na rububinsa. Allah Ya taimake ni a wuri ɗaya: tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta taɓa roƙon a ɗebo mata ta riƙa goge haƙori, Mamanku ta hana. Ba don ta san dalma ba, ƙyamar ruwan kwata kawai take yi.

Sauran kin sani, amma bari in faɗa miki yadda ya kasance daga ɓangarena. Bara da kika zo hutu kika bi ni lambu da safe. Kika tsuguna kika ɗebi ƙasar kwamin kika murza, kika ce, "Baba, wannan gawayin daga ina?" Na nuna miki duron ina murmushi, ina jiran yabo. Kika dubi duron, kika dubi ƙasar da ke hannunki. Sannan kika ce, a hankali, "Baba, ai gubar ba ta ɓace ba. Wuri kawai ta sauya."

Kin tuna abin da na ce? Na ce tun ba a haife ki ba nake karatu. Na juya na bar ki a tsugune. Kwana uku ina amsa gaisuwarki da "lafiya" ɗaya. A kwanakin nan ba fushi da ke nake ba, na riga na gane tun kafin in kai bakin titi cewa kin yi gaskiya. Neman hanyar da zan bi in ƙaryata ki nake, na tono duk abin da zan iya karantawa, kowanne ya tsaya a bayanki. Na tuna da rahotannin da suka riƙa zuwa teburinmu a kan yaran ƙauyukan masu haƙar zinariya da dalma ta yi wa illa, na tuna 'ya'yan Sale da kwanon miyar alayyafo a gabansu. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan kwana ukun nan ba. Ki yi haƙuri, Uwata. Kuma wata rana wanda bai kai ki ba zai tsuguna a gaban aikinki ya yi miki irin wannan tambaya. Kada ki kai kwana uku.

Don haka shawarata mafi girma ita ce: kafin ki gasa totuwa ta farko, ki san inda gawayin zai kwana bayan ya ƙoshi. Ki sa shi a babi na farko, kada ki bar shi sai shafin ƙarshe. A wata ƙasar wataƙila akwai motar da ke zuwa ta kwashe irin wannan ta kai inda aka tanada. A nan, duk baƙin abin da kika ajiye a bayan shago, kafin sati wani ya kai gona, wata ta hura wuta da shi ta gasa masara, wata ta goge haƙori. Ba wauta ba ce, tattali ne, shi ya riƙe mutanenmu. Amma tattalin nan ne zai mayar da gubar cikin tukunya in ba ki yi shiri da shi ba.

Gaya wa Sale ya fi komai wuya. Na same shi yana gyaran inji. Ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Yaya, rani uku kana sa ni ina zuba shi. Yau kuma yarinyar da na goya a wuyana ta ce guba ne, ka ce in bar kwamai goma sha biyu. Gobe in wata takardar ta zo fa?"

Na ce masa laifin nawa ne, ba na takarda ba. Muka kewaye kwaman da ƙaya. Na ba shi gonata ta sama, mai rijiya, ya koma can da ganyensa. Ƙasar ba ta kai ta bakin rafi ba, jan ruwan kuma ya fi wuya, ya sani, na sani. Wata biyu ba ya zama in na shigo majalisa. Yanzu alhamdu lillahi mun koma cin tuwo a kwano ɗaya ranar Juma'a, har yana kirana "Injiniya" in yana son ya ba mutane dariya. Yaransa lafiyarsu ƙalau a ido, amma na riga na gaya miki matsayin ido. Na yi magana da wani likita, ya ce a fara sanin abin da ke cikin ƙasar, daga nan a san gwajin da za a yi musu.

Duron kuma yana ƙofar shagon Friday, inda ya ce a kai shi tun farko. Mun yi ɗan rami na siminti yadda kika zana mana, ruwan wankinsa ba ya shiga kwata kai tsaye. Gawayin da ya ƙoshi muna zuba shi a jarkoki mu ɗaure baki. Friday ya rubuta "GUBA" a jikin kowacce da jan fenti, da Hausa da Turanci, ya jera su a ɗakin da yake kullewa. Suna jiran ki gaya mana yadda za a yi da su.

Ga abin da nake roƙo. Sale ya ce zai jira har ƙarshen damina. In ruwa ya ɗauke ba a ce masa komai ba, zai cire ƙayar ya shuka, kuma ba zan iya hana shi ba, gidansa ne ke ci. A aljihun gefen jakarki akwai leda uku na ƙasa, kowacce na ɗaure ta sau biyu na sa mata lamba: ɗaya, biyu, uku. Na ɗebo su yadda kika taɓa nuna mini, daga wurare da yawa a kowace gona, na tankaɗe, na cire duk baƙin da ido zai iya gani don kada su bambanta. Ɗaya daga kwaman da muka kewaye take, ɗaya daga gonar sama, ɗaya daga gonar Gwaggo Asabe a Gozaki, wadda ruwan kwata bai taɓa zuwa ba. Ban rubuta miki wacce ce wacce ba. Na san ki. In kin san ta Baffanki, ko dai zuciyarki ta so ta yi masa sauƙi, ko ki tsananta don kada a ce kin yi sauƙi. Takardar da ke fayyace lambobin tana hannun Friday a cikin ambulan, kuma na ce ko ni na zo nema kada ya ba ni sai amsarki ta iso. Ki nemi izinin malaminki ki auna su. Abin da kika samu ki rubuto shi yadda yake, lamba uku, amsa uku. In ƙasar lafiya take, ni zan fara cire ƙayar. In ba lafiya ba, gonar sama ta zama ta Sale har abada, mu kai yaran asibiti, kwaman kuma mu dasa musu itacen turare, wanda ba mai ci. Ko wacce ta fito na shirya mata, kuma hankalina a kwance yake, domin wannan karon ba ni zan duba da ido ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ki ci abinci a ɗakin gwaji ko da yunwa ta dame ki. Ki sa safar hannu ko da kowa ya cire tasa. Ki tattare mayafinki in kina kusa da wuta. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki nemi maƙwabtanki da gaisuwa ko wane addini suke yi, ki kira Mamanku ranar Juma'a, don ba za ta ce tana jira ba amma wayar na hannunta tun safe.

Ɗazu ina cikin rubutun nan Sale ya shigo da ƙullin albasa ya dire a gabana. Ya ce, "A sa wa Hajara a kaya. Ka ce mata daga gonar sama take, kuma ta ci ce, kada ta kai mini ita ɗakin gwaji." Ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Waccan ƙasar dai ta auna ta da kyau." Albasar na gefen ƙullin garinki.

Allah Ya tsare mini ke, Uwata, Ya tsare hannunki da idonki da numfashinki daga abin da za ki riƙa taɓawa. Allah Ya ba ki malamai masu gaskiya, Ya ba ki ƙarfin faɗin abin da kika gani. Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Mamanku na gaishe ki, Gwaggo Asabe ta ce in kin tashi neman totuwa ki zo da kanki, kada ki aiko ni.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki, mai jiran amsa uku.